Hular Yaya a ƙarƙashin Bahar Maliya

Mun tashi da asuba daga Nuzla, unguwarmu a Jidda, ni da hulata. Ita ce babbar baƙuwa a tafiyar, ni ɗan rakiya ne. Na bi na ɗauko ɗan kafilina, wato maigidan da nake wa tuƙi, a gidansu, muka loda tukwanen iska a bayan mota, muka miƙi hanyar arewa zuwa Abhur, inda jiragen ruwa ke tashi.

Yaron nan sana'arsa nutso da ɗaukar hoton kifi. Na daɗe ina kai shi bakin ruwa, shi ya shiga, ni in zauna gadin takalma. Abin da ya canja lissafi Yayana ne da ke ƙauyenmu kusa da Damagaram. Maɗinkin hula ne tun ina yawo ba wando, yanzu yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya ce da ni a waya, "Auta, ka tsufa a bakin teku. Me ke cikinsa?" Na ce ruwa. Ya ce, "Wannan ko ni na sani." Alhazan garinmu kuwa za su koma ranar Juma'a. Na ƙudura sai na ba su hotona a cikin tekun, Yaya ya gani tun idon na gani.

A hanya muka tsaya wajen wani Bayamale muka ci ful, dafaffen wakensu, da gurasar tamis mai zafi. Riyal biyar ta ƙosar da mu har da shayi. Yaron ya ce kar in cika ciki. Na ce ciki nawa ne, na ƙara gurasa. Daga baya jirgi ya nuna mini gaskiyarsa, amma wannan tsakanina da kifaye ne.

Mai jirgin ɗan Jidda ne, jikan Kanawa, Hausarsa rabi da rabi. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baba, inta za ka shiga? Mashallah. Ka iya iyo?" Na ce a tafkin garinmu, kafin a haife shi. Ya ce, "Halas, shi ke nan, yau sai mu ga tafki."

Mai koyarwar wani Bamisire ne mai haƙuri. Ya cusa ni cikin baƙar rigar roba, na fito kamar an ɗura tuwo a safa. Ya ɗaura mini ɗamarar dalma, ya goya mini tukunya, ya sa mini takalman agwagwa. Magana ɗaya ya yi ta maimaitawa: ka yi ta numfashi, kada ka riƙe shi, in ka riƙe sama za ka yi. Na gyaɗa kai kamar mai ilimi.

Da na sa gilashin fuska da robar baki na leƙa madubin jirgi, sai na ga wata halitta. Wannan halittar ko uwar da ta haife ta ba za ta gane ta ba, balle Yaya mai hazo a ido. Shi ya sa na faki idonsu na cusa hular cikin ƙirjin riga. Ita ce ta ƙarshe da ya ɗinka mini da hannunsa. Kuma dai dattijo ba ya hoto kai ba hula, ko a ina ne.

Muka sauka a hankali, Bamisiren na riƙe da ni kamar tinkiyar da za a yi wa allura. Jama'a, ashe gari ne a ƙasa! Murjanin da na sani na wuyan mata ne. Nan ga shi tsaye bishiya-bishiya, wani kamar ƙahon barewa, wani kamar faifai, wani kamar ƙwaƙwalwar saniya a teburin mahauci. Ƙananan kifaye masu ruwan goro sun taru a kansa kamar ranar kasuwa. Wani kore da shuɗi, mai baki irin na aku, yana gaigayar dutse, har ina jin ƙarar haƙoransa. Wani dogo kamar maciji ya leƙo daga rami yana buɗe baki yana rufewa, sak wani tsoho mai gulma a majalisarmu. Abin da ya fi ba ni mamaki, babu wanda ya kula ni. Ko iƙama, takardar zama, ba su tambaya ba.

Yaron ya ɗaga kyamararsa mai gidan gilashi, ya yi mini alama. Na zaro hula na kafa ta. To, ni duk hoton da na taɓa yi a duniya iri ɗaya ne: ka miƙe tsaye, hannu a cinya, ka ɗaure fuska, ka ja numfashi ka riƙe har mai hoto ya ce an gama. Haka na yi. Na cika ƙirji na ƙame.

Sai na ji ƙasa tana barina. Ina tashi a tsaye ƙiƙam, kamar ana ɗaga ni da igiya. Bamisiren ya cafko ƙafata, na saki kumfa, na wuntsila. Hula ta bar kaina. Na miƙa hannu, ruwa ya ja ta gefen da dutsen ya ƙare, inda babu komai sai shuɗi mai duhu. Na yunƙura in bi, aka riƙe ni gam. Ina kallo tana juyawa a hankali har ta shige.

A jirgi aka kawo shinkafa da soyayyen kifi. Na kasa ci. Mai jirgi ya ce, "Maʿlesh, yi haƙuri Baba, bahar ba ya mayar da kyauta." Sai yaron ya matso da kyamara ya ce, "Ya ammi," wato kawu, "duba." Hoton ba ni a ciki, sai hannuna da rabin takalmin agwagwa a sama. Amma hular ta fito tas a tsakiya, kowane zare ana gani, murjani a bayanta, wani ɗan kifi rawaya ya kai baki yana duba ɗinkin kamar mai shirin tayawa.

Muka dawo bayan la'asar cikin cunkoso, kaina tsirara, yaran Nuzla suna kallona kamar an yi mini fashi. Na sa aka wanke hoton babba, na ba alhazai.

Jiya Yaya ya kira. Na fara kame-kame, ya katse ni. Ya ce ya fita da hoton rana, ya kai shi dab da ido. "Hannun nan ban san na wane ne ba, Auta, amma ɗinkin nawa ne. Kifin ma ya san aiki." Na ce hular ta tafi. Ya yi dariya har da tari. "Bar ta can. Ni ban taɓa ganin teku ba, ga shi aikin hannuna ya riga ni."

Abin da na koyo ba shi da yawa, daidai karatuna. A ƙarƙashin ruwa ba a ƙamewa, kowa lilo yake yi yana numfashi. Kuma yanzu in an tambaye ni me ke cikin teku, ina da amsa: kifi, murjani, da hular Yaya.