Ranar da Jirgi Ya Sauka a Bayan Turken Saniyata

Bayan babban farin nan da ya share mana garke, saniya ɗaya ta rage mini cikin waɗanda aka kawo ni gidan miji da su. Ɗaya tak, Allah kuma ya sa tana da ciki. Harawa nake ɓoye mata a ƙarƙashin gado, don duk burina yana kan cikin nan.

Ana haka sai jirgi mai saukar ungulu ya mai da ƙauyenmu, can gefen Guci, hanyar wucewarsa. Kullum da hantsi sai ya taho ƙasa-ƙasa, jinka na rawa, jarirai na tsala ihu. Wai ruwa yake nema a ƙarƙashin ƙasa. Ni dai tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin mai neman rijiya a sama ba. Saniyata da ta ji ƙararsa sai ta yi ta fizgar igiya, idanu a waje.

Mu mata muka ishi maza da mita har suka yarda su kai kuka wurin kumandan masu jirgin a Magarya. Kwana uku suna shawara a gindin tsamiya. Kada ka ɗauka abin da za su faɗa suke tsarawa. Abin da za su riƙa ne, tunda ba a zuwa gaban babba hannu rabbana. A shekarar da muke cin tafasa, aka haɗa rago da zabi huɗu. Mijina, da ke cika baki a tsakar gida kamar zai haɗiye jirgin, shi aka naɗa mai magana.

Washegari ya dawo baki har kunne.

Na ce, "Malam, kun faɗa mai?"

Ya ce, "Ke, ana yi wa babba magana gatsau? Sai da muka gaisa. Ya ce yaya gari, muka ce lafiya lau. Ya ce yaya jirgi, muka ce ai yana ƙoƙari."

Ashe da kumandan ya ga rago, ya ɗauka godiya suka zo yi. Ya ce duk ƙasar babu garin da ya san mutunci irin namu, saboda haka zai sa jirgin ya sauka mu gan shi ido da ido.

"Ku kuma kuka ce me?"

"Mun gode mana! Ana mai da kyautar babba?"

Wallahi na ji kamar in kifa masa ƙwaryar furar da ke hannuna.

Suka share fili a bayan gidanmu, dab da turken saniyar, wai nan ya fi shimfiɗa. Aka ce ran Alhamis zai sauka, na shirya kai ta gidan yayata ran Laraba da la'asar. Jirgi ya dira ran Laraba da hantsi, ina bakin rijiya.

Na yar da guga na sheƙo. Turke a tumɓuke, danga a kwance, maza kuwa sun yi wa jirgi zobe, ba wanda ya ko waiwaya. Na bi sawunta ni kaɗai har bayan gonaki. A gindin kalgo na same ta tana karkarwa, abin da ke cikinta yana kwance a ƙasa. Mace ce, har gashi ya fito mata. Na zauna a wurin na yi kuka har ya ishe ni.

Da na jawo ta gida, na tarar da mijina a ƙofa cikin 'yan'uwansa gwanayen godiya, ya ɗaga hannun dama sama.

Ya ce, "Ina kika shiga? Matuƙin har hannu ya ba ni! Ga shi nan, ko wankewa ban yi ba."

Na ce, "Adana shi da kyau, Malam. Shi za mu tatsa bana."