Yadda Musun Ƙwallon Amurka Ya Raba Ni Da Shugabancin 'Yan Dako

Ɗan kawuna, wanda ni na koya masa yadda ake saɓa kaya a kafaɗa, shi ya naɗi muryata a waya muna musun ƙwallo, ya kai wa maigidanmu, aka sauke ni daga shugabancin 'yan dako aka ɗora shi. Abin da aka yi mini ke nan. Ban rubuto don a ba ni haƙuri ba, an ba ni har na gaji da ji. Na rubuto ne don masu zafin baki irina su karanta.

A lokacin ni ne shugaban 'yan dako a mangaza, wato siton kaya, ta wani Alhaji mai shigo da dilolin gwanjo nan Zongon Kotonu. Karatuna bai yi nisa ba, na bar lakwal tun ban iya rubuta wasiƙa da Faransanci ba, amma ƙarfi kam Allah ya ba ni, kuma da shi na ci abinci tun ina saurayi har furfura ta fara fito mini. Aikinmu yana da ƙa'ida wadda ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta: in mota ta iso daga tashar jirgin ruwa, shugaba ne zai fara saɓa dilar da ke bakin mota ya kai ta ciki, kafin wani ya taɓa komai. Da wannan ake gane har yanzu yana nan. Shi ke raba aiki, shi ke raba faɗa, shi Alhaji ke kira in za a yi magana. Ranar da ya kasa ɗaukar dilar farko, ranar shugabancinsa ya ƙare.

A cikin gwanjon nan muka fara ganin wasu riguna masu faɗin kafaɗa da manyan lambobi gaba da baya. Ba mai sayensu sai mu, don mutum biyu sai su shiga riga ɗaya. Wani ɗan unguwarmu da ya yi zaman Amurka yana turo motoci ya ce ai rigunan wasa ne, ya nuna mana a wayarsa. Da fari dariya muka yi: ƙwallo kamar gwanda, ƙattai sanye da hular kwano kamar masu zemijan, wato 'yan acaɓa, a yi karo a tsaya, a sake karo a sake tsayawa. Amma akwai mutum ɗaya a filin da ya hana mu tashi. Shi ne wanda ake danƙa wa ƙwallon a ciki, ya rungume ta da hannu biyu, ya sunkuyar da kai ya kutsa cikin mutanen da kowannensu ke neman kayar da shi. Muka dubi juna muka ce wannan ai ɗan dako ne a tsakiyar kasuwa. Sunan ya bi shi ke nan. Mai shayinmu, wani mutumin Nijar, ya nemo tashar da ke nuna wasan ranar Lahadi bayan Magariba, muka zama 'yan kallo a kan bencinsa, daga kallo muka koma musu.

Musun kullum ɗaya ne: a cikin 'yan dakon Amurka, na da da na yanzu, wane ne ya fi kowa lokacin da yake ganiyarsa? Sunayensu sun fi ƙarfin bakinmu, sai muka raɗa musu namu. Nawa shi ne Bijimi, wani na zamanin baya wanda hotunansa ma sun yi dishi-dishi. Ba ya kauce wa kowa. In ka tsaya masa ya bi ta kanka, mutum uku na rataye a jikinsa yana tafiya da su. Bai daɗe yana wasa ba jiki ya gaza, amma shekarun da ya yi, babu kamarsa. Mai shayi da mutanensa suna bayan Tarwaɗa, wani gajere mai santsi wanda zai yi kamar zai bi dama ya bi hagu, ya bar ƙato yana rungumar iska. Ni kuwa nakan ce musu wannan ba dako ba ne, rawar biki ce. Shi ɗan kawuna ya zaɓi Raƙumi, wanda ba shi da gudun a zo a gani amma ya daɗe, yana tara takun da yake ci da ƙwallo kaɗan-kaɗan shekara bayan shekara har ya wuce kowa a lissafi. In ya kawo lissafi sai in ce masa ai ko kunkuru aka bari ya yi ta tafiya zai kai Abomey-Calavi, a gaya mini wanda ake tsoro in ya riƙe ƙwallo. Majalisa ta kwashe da dariya, a sake zuba shayi. Na ɗauka iyakarta ke nan.

A cikin wannan hali gwiwata ta dama ta fara ciwo. Da safe sai na dafa bango kafin in miƙe. Ban gaya wa kowa ba, ko matata sai daga baya ta gane. Ɗan kawuna kaɗai na gaya wa, don jinina ne, kuma a ɗakina ya kwana lokacin da ya zo daga arewa ba shi da ko tabarma. Shi ya riƙa goya ni a babur zuwa wurin wani mai ɗori a Agla, nesa da idon unguwa. Muka shirya tsakaninmu: in mota ta zo, shi ke hawa sama yana turo kaya, sai ya jawo mini dila mara nauyi bakin mota, ta kayan jarirai ko ta safa, in saɓa in wuce kamar ba komai. Mun daɗe muna haka ba wanda ya lura. Ina ta sa masa albarka a zuciyata.

Wata Lahadi da la'asar, kafin a fara wasa, ya tayar da musun da kansa. Ya ce shi fa Bijimi bai ga abin yabo a wurinsa ba, mutumin da ya ƙone kamar takarda, 'yan shekaru kaɗan an daina jin ɗuriyarsa. Raƙumi kuwa ko da gwiwarsa ta lalace ya ɗaure ta ya ci gaba, ƙungiyarsa ta riƙe shi don girmamawa. Na ce girmamawar banza. Ya ce in maimaita, wai bai ji ba. Na maimaita da ƙarfi. Ya yi ta zuga ni, in na yi sanyi ya jefo wata, har na miƙe tsaye ina nuna shi da yatsa. Na ce ɗan dakon da gwiwarsa ta tafi kuma ya maƙale a fili ɓarawo ne, yana cin gurbin yaran da ke da jini a jika. Na ce ƙungiyar da ta san abin da take yi, ranar da ta gano ranar za ta sallame shi, ba tausayi ba kunya, don dako ba gidan tsofaffi ba ne. Mai shayi ya ce shugaba a yi a hankali, shayin ya yi zafi ne? Aka yi dariya. Wayar ɗan kawuna tana kan cinyarsa a kife. Na gan ta, ban kawo komai a raina ba. Wa zai yi tunanin maganar benci za ta tashi daga benci?

A makon nan mota ta iso. Na tarar da Alhaji da kansa a tsaye ƙofar mangaza, abin da ba ya yi sai in kaya sun yi gardama a kwastan. An yi ruwa da safe, ƙasa duk taɓo. Aka buɗe mota, ɗan kawuna ya hau kamar kullum, sai ya turo mini dilar wandunan jins, babbar, wadda ko ina saurayi sai na ja numfashi kafin in taɓa ta. Na ɗaga kai na dube shi. Ya juya yana gyara igiya. A nan na gane, amma na gane a makare. Da na ce ba ni da lafiya yau, wataƙila da na tsira da ƙafata. Yara na kallona, Alhaji na kallona, sai na ce bismilla na juya baya aka ɗora mini. Ban kai ƙofa ba na ji gwiwar ta yi ƙara, na kife, dila ta danne ni, fuskata cikin taɓo. Yaran da nake yi wa tsawa su suka ɗaga ni, ɗaya yana share mini gemu da rigarsa.

Da na samu na fara takawa da sanda, Alhaji ya aika aka kira ni ofishinsa. Ya yi mini sannu, sannan ya ɗauko wayarsa ya danna, sai ga muryata tana cika ɗakin, ina ihu cewa mai matacciyar gwiwa ɓarawo ne, a sallame shi ba tausayi. An yanke dariyar, an yanke sunan Bijimi da Raƙumi, ba wanda zai san ƙwallo ake magana. Na ce Alhaji wallahi musun wasan Amurka ne. Ya ce ya sani, an gaya masa, amma gaskiya ko a wasa aka faɗe ta gaskiya ce, kuma shi bai yanke mini hukunci ba, ni na yanke da bakina. Ya ce abin da ya fi ɓata masa rai, na ɓoye masa ciwon ina zaɓar dila. Wannan ma an gaya masa, har da mai ɗorin Agla. Ya ce in ina so in zauna gadin ƙofa, kujera na nan. Na gode masa na fito. Kafin in kai bakin titi na ji ɗan kawuna yana raba wa yara aiki da irin kalmomina.

Yanzu tebur gare ni a gefen hanya wajen Agontinkon, ina sayar da safa da huluna. Benci na daina zuwa. Mai shayi ya aiko sau da yawa wai majalisa ta yi sanyi ba ni, na ce su ci gaba da Tarwaɗarsu. Wasan ma ba na iya kallo, da na ga an danƙa wa mutum ƙwallo sai idona ya tafi kan gwiwarsa. Har gobe in aka tambaye ni, Bijimi ya fi su duka, ban canza ba. Sai dai a duk shekarun da muka yi muna ihu a kansa, ba wanda ya taɓa tambaya yaya yake tashi da safe yanzu, ko wa ke kama masa hannu. Ni ma ban tambaya ba.

Ku masu zama majalisa, ku ji daga wanda ya gani. Musu yana da daɗi, amma in ka ga mutum yana sa ka maimaita magana, dubi hannunsa. Kada zafin son cin musu ya sa ka kafa doka da bakinka wadda jikinka ba zai iya ɗauka ba. Ciwonka kuma, in dole ne ka faɗa, faɗa wa wanda ba zai ci riba da shi ba, ko da bare ne. Zumunci bai hana wanda ke son kujerarka so.

Cikin azumin da ya wuce ɗan kawun nawa ya zo gidana da buhun shinkafa a bayan babur. Ya durƙusa, yana Yaya kaza Yaya kaza. Wai yara ne suka fara gunaguni, wai Alhaji ya riga ya fara tunanin kawo wani daga waje, shi ya ga gara abin ya tsaya a cikin gida. Wai dilar jins kuma kuskure ne, ita ta zo hannunsa. Na bar shi ya gama tas, sannan na ce masa:

"Da ka zo ka ce mini, Yaya ka gaji, ba ni wurin, wallahi da na kama hannunka na kai ka gaban Alhaji da kaina. Kujerar ba ita ke ci mini rai ba. Kai ka san ƙafar nan, kai ka riƙe ta ana ɗaure ta ina cizon riga, kuma kai ka zaɓo mata dilar da za ta karya ta. Ɗauki shinkafarka, 'ya'yana ba za su yi buɗa-baki da ita ba. In mun haɗu a hanya ka yi sallama zan amsa, don Allah ya ce a amsa. Amma daga yau ka nemi wani Yayan."