Tsakanin Gyaɗa Kai da Girgiza Kai

Satina uku da sauka Riyad aka tura ni sito a unguwar Sulay. Wanda ya ɗauke ni aiki Ba'indiye ne mai kantunan kayan abinci guda huɗu, uku a Ulaisha, ɗaya a Utaiƙa. Wani katafaren kanti na ƙasar waje ya buɗe reshe kusa da shi, ya fara kwashe masa masu saye. A can kana shiga za ka tarar da komai a wurinsa, da farashi a jiki. A namu kuwa sai mace ta nemi garin alkama a ce ya ƙare, alhali yana jibge a sito, wani ma ƙwari sun fara ci. Aikina in gyara wannan: kowane kwali a liƙa masa lamba, a haska shi da 'yar na'ura in ya shigo, a haska in zai fita, wanda ya riga shigowa shi zai riga fita.

Mai kantunan, wanda kowa ke kira Mudir, wato manaja, ya ce in rubuto masa waɗanda za su iya tafiya da sabon tsarin. Wanda ba zai iya ba, ba za a sabunta masa iƙama ba, wato takardar izinin zama, sai ya koma gida. Na karɓi aikin da zafina. Ina da digiri, ina da kwamfuta, kuma a lokacin duk wanda bai gane maganata a karo ɗaya ba, gani nake da gangan yake yi.

Mai kula da siton wani dattijo ne daga kudancin Indiya, ya haura shekara ashirin a wurin. Siton duk a kansa yake. Yakan ɗebi shinkafa ya shinshina, ya faɗi wadda za a fara fitarwa, kuma ban taɓa ganin ya kuskure ba. Turancinsa kaɗan ne, ni kuma Larabcina na Islamiyya ne, irin wanda in na yi a titi direbobi ke murmushi. Ina ce masa Baba, yana ce mini Muhandis, injiniya ke nan.

Na nuna masa yadda ake riƙe na'urar, na haska kwalin man girki ta yi ƙara. Na ce, "Baba, za ka yi aiki da wannan?"

Ya dube ni, ya karkaɗa kai hagu da dama.

A garinmu in mutum ya yarda gyaɗa kai yake yi, in ya ƙi ya girgiza. Na ɗauka ƙi ya yi. Washegari na sake nuna masa, na sake tambaya, ya sake karkaɗa kan, har da ɗan murmushi. Murmushin ne ya fi ba ni haushi. A karo na uku na ajiye masa na'urar a kan buhun wake na fita. A rahotona na rubuta layi ɗaya a kansa: an nemi ya yi aiki da na'ura sau uku, sau uku ya ƙi. Daga nan aka mayar da ni kantunan Ulaisha, na manta da shi.

Bayan kamar sati biyar, da hantsi, na tsaya wurin wani mai shayi, shi ma Ba'indiye. Na ce, "Akwai shayi da madara?" Ya karkaɗa kai hagu da dama. Na juya zan tafi, sai na ji yana cewa, "Sadik, aboki, shayinka," yana miƙo mini kofi. Wani likita ɗan Katsina da muke salla a masallaci ɗaya yana tsaye a wurin. Ya yi dariya ya ce, "Malam, kai baƙo ne. Su haka suke cewa to. Ni ma sai da na yi wata guda ina zaton marasa lafiya ƙin magani suke yi."

Ban iya shan shayin nan ba. Na tafi ofishin Mudir na faɗa masa kuskuren da na yi, ban rage komai ba. Ya saurare ni ya ce, "Da ka rubuta ya karkaɗa kai, da na gane. Ka rubuta ya ƙi." Ya ce iƙamar dattijon ta kusa ƙarewa, an riga an buga masa bizar fita, wanda zai maye gurbinsa kuma yana hanya. Na ce me ya sa dattijon bai kare kansa ba? Ya ce ba wanda ya gaya masa dalili, shi dattijon ya ɗauka saboda tsufansa ne.

Na hau mota zuwa Sulay. Da na shiga siton sai na tsaya a bakin ƙofa. Kowane kwali da lambarsa, tsohon kaya a gaba, sabo a baya, an ja layi da fenti a ƙasa inda ban ma ce a ja ba. Na'urar tana rataye a wuyan Baba da igiyar buhu. Ya ja hannuna yana nuna mini, yana haska kwali ɗaya bayan ɗaya, yana dubana in ta yi ƙara. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba.

Na haɗa duk Larabcin da nake da shi na gaya masa cewa ni ne na rubuta, kuma ga abin da na rubuta. Na maimaita a hankali don in tabbata ya ji. Ya cire na'urar daga wuyansa ya goge ta da gefen rigarsa, ya sa mini a hannu.

Na ce, "Baba, ka yafe mini?"

Ya dube ni ya karkaɗa kai hagu da dama, wannan karon ba murmushi. Ranar Alhamis jirginsa ya tashi. Tsarin da ya shimfiɗa shi ake bi a siton har yau, ni kuma har yau ban san amsar da ya ba ni ba.