Koren Wutar Kawu

Jiya jikata ta jefa guntun wayar lantarki a murhu, harshen wutar ya koma kore, sai na tuna kawuna, maƙerin Gubuchi.

Kawu bai taɓa shiga aji ba, amma da launin wuta yake gane ƙarfe. Yakan ce, "Kowane ƙarfe da irin rigarsa." Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba na zo hutu daga kwaleji a Zariya, ina ji da kaina. Na same shi a maƙera, ƙaurin gawayi ya cika rumfar. Ya tura jan ƙarfe cikin wuta, harshenta ya koma kore, ya ce, "Ɗana, me malamanku suka ce game da koren nan?"

Na san amsar. Zafi ne ke ɗaga ɗan ƙwayar lantarki, ilektoron, zuwa matakin sama a cikin atom, wato ƙwayar zarra, in ya sauko sai ya saki haske, kuma kowane sinadari da nasa matakan. Amma a gaban manoma masu jiran fartanya na ce, "Kawu, ba za ka gane ba."

Ya ci gaba da zuga wuta. Bai sake tambayata komai ba har ya rasu. Ni kuwa na ƙare rayuwata ina koya wa 'ya'yan wasu wannan darasin.

Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe mini, don shi ban taɓa roƙonsa gafara ba.