Mai Auna Igiyar Iyafis

Dattijon da ke gabana a shagon kayan waya ya fi minti goma yana zaɓen iyafis. Rigarsa ta koɗe amma ta sha guga, ga guntun zare maƙale a hannunta. Ina jin tela ne, domin ba sauti yake gwadawa ba. Duk wanda aka miƙo masa sai ya warware igiyar, ya auna daga hanci zuwa kan yatsa kamar yadi, ya girgiza kai.

Sauri nake yi. Na ja tsaki da ƙarfi don ya ji, ya kuwa ji. Ya waiwayo ya ce, "Yi haƙuri, ɗana, yanzu zan ba ka wuri."

Mai shago ya ce, "Baba, ɗauki marar igiya mana, ka huta da awo."

"A'a. Mai ɗakina ce kwance a asibiti. Kunne ɗaya nata, ɗaya nawa, muna jin rediyo tare, kuma daga gadon zuwa kujerata da ɗan tazara. Ba ta iya kira yanzu. In ta motsa, igiyar ce ke jan kunnena."

Ya sami mai tsawon, yana naɗe igiyar a yatsu biyu, a hankali.

Mai shago ya dube ni. "Yallaɓai, me za a ba ka?"

Marar igiya na zo saya, mai toshe kunne ruf, don in huta da kiran da mahaifiyata ke ƙwala mini daga ɗakinta.