Bappa Hammadu da Digarsa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan labari ya same ni, wai Bappa Hammadu ya rasu.

Dattijon ofishinmu ne, mutumin da ba ya buɗe kwanon ƙosai sai ya fara tura maka.

Duk wanda ya san ni ya san filina na Kagarawal. Shekara da shekaru ina cewa zan fara gini bayan Sallah, wace Sallar ce dai ban taɓa faɗa ba. Har wata maƙwabciya ta shuka kuɓewa a ciki, in na je dubawa ta ce in taka a hankali. Ga mai gidan hayarmu a Pantami ya ba mu notis, uwargida kuma ta koma yi mini magana ta bakin yara.

Wata Asabar na fito cikin shadda zan tafi ɗaurin aure, sai ga Bappa a keke napep da diga da shebur.

"Shigo mu je."

Na ce, "Bappa, ai ban gama tsara ɗakunan ba."

Ya ce, "Ba gida za ka gina yau ba. Rami za ka tona, iya gwiwa. Ka ji tausayin kanka mana, ɗana. Filin nan ya fi ka samun barci."

Saran farko diga ta maƙale, hulata ta faɗa cikin kuɓewa. Mai kuɓewa ta fito tana salati, Bappa ya saye kuɓewar duka, ya ce gidansa sun samu miya. Ramin nan kuwa ya hana ni sakat, sai da na nemo magina.

Yanzu a gidan muke zaune.

Haɗuwarmu ta ƙarshe a bakin masallaci ce. Ya riƙe hannuna ya ce, "Walimar fa?" Na ce sai an yi fenti. Ya yi dariya ya ce, "Shinkafa ba ruwanta da fenti."

Bai taɓa zama a falon ba, wallahi wannan ya yi mini ciwo. Na ce wa uwargida a ɗora tukunya ranar Juma'a, bango yadda yake, mu taru mu yi masa addu'a.

Allah Ya jiƙan Bappa, Ya gina masa gida a Aljanna, Ya ba iyalansa haƙuri. Wanda ya karanta, don Allah ya sa shi a addu'a yanzu, kada ya ce sai anjima.