Hoton Maƙwaƙƙwafi a Aljihun Baba

Jiya wani kafinta yana gyaran rufi a maƙwabtanmu, nan cikin Birnin Gwari, sai bugun hamarsa ya ɗauke ni cak ya kai ni ƙauyenmu na gaba da Dogon Dawa. Ƙwas-ƙwas-ƙwas, a ɗan saurara, a sake. Haka maƙwaƙƙwafi yake yi a jikin busasshiyar kaɗanyar da ke bayan ɗakin Kaka. In ba ka san shi ba, tsuntsu ne ɗan madaidaici, bayansa kore-kore, namijin da jan tabo a ka kamar an ɗora masa dara. Ba shi da sana'ar da ta wuce fasa itace da baki yana zaƙulo tsutsa.

Ina sakandare a lokacin. Kawuna mai hoto ne a cikin gari, na suna da biki da na fasfo. Wani ma'aikacin gandun daji da zai bar gari ya bar masa wani dogon gilashi da ake ɗaura wa kyamara, mai jawo abu na nesa. Kawu ya ce kayan wahala ne, in za ka ɗauki ango da shi sai ka tsallaka titi. Da hutun damina ya zo, ya haɗa mini shi da tsohuwar kyamara da fim, ya ce in je in yi ta wahalar tunda na ga dama.

Wahalar kuwa na sha ta. Gilashin nan ba ya yi maka komai da kansa. Akwai zobe a jikinsa, kai za ka yi ta murzawa a hankali har abin da kake so ya fito tar, sauran duniya kuwa ta narke ta zama dishi-dishi. Ga nauyi. Sai in tsuguna a gindin rumbu, in ɗora shi a kan turmi, sauro na cizo ba damar mari. Ka samu idon tsuntsun ya fito, kafin ka danna ya zagaya bayan itace, ɗan banza. Ƙasa na ƙamshin ruwa, hayaƙin ɗanyen itace na tashi daga madafa, ni kuwa numfashi ma a ɗauke nake yinsa.

Can bayan kaɗanyar, jikin danga, nan ne mazaunin Kaka. Kullum tana kan tabarma da baƙin zanenta na saƙi, tana ɓarar gyaɗa ko tsince kalwa. Ka san jika da kaka, ba ta raga mini ba na raga mata. Takan ce ita ba ta taɓa ganin mijin banza irina ba, ga mata a zaune ya koma leƙen tsuntsu. In ce mata tsuntsun ya fi ta haƙora. Ta yi dariya har ta share hawaye da bakin zane. Ita ce ma ta hana a sare kaɗanyar a yi makamashi, ta ce a bar wa maigidanta abin wasansa. Ta cikin gilashin ina ganinta kullum, wani baƙin dunƙule a bayan tsuntsu. Murza kaɗan ce tsakanina da fuskarta. Ni dai a lokacin Kaka abu ce da ba ta zuwa ko'ina, tsuntsu ne mai tashi.

Baba kuwa ɗan farinta ne, kuma Kaka mutuniyar da ce, mai alkunya ta gaske. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Wancan take cewa, ko mai gonar fadama. In ya zo gaishe ta da safe, daga bakin ƙofa yake durƙusawa, kansa a ƙasa, ita kuma ta juya gefe ta amsa wa bango. Ƙannensa su zauna kusa da ita a yi ta hira, shi sai dai ya jiyo muryarta ta bayan zana. A lokacin dariya abin yake ba ni.

Kaka ta rasu ina makaranta a Zariya. Shekaru suka ja, dajin da muke shiga tsintar kaɗe ya zama na 'yan bindiga, har ta kai mutanenmu suka kwaso abin da hannu zai iya ɗauka suka baro ƙauyen. Baba ya dawo wurina. Kafin nan yanar ido ta rufe masa idanun biyu, ba ya ganin komai sai inuwa-inuwa.

Wata rana bayan la'asar Gwaggo, ƙanwarsa, ta zo gaisuwa. Cikin hira ta tuna yadda nake kwana tsugune a bayan ɗakin tsohuwarsu da bututun hoto. Da ta tafi, Baba ya kira ni, ya yi ƙasa da murya kamar mai roƙon abin kunya.

"Ashe kana da hoton Tsohuwa?"

Wallahi a'a ce a bakina. Amma yadda ya miƙo hannu tun kafin in amsa, na kasa. Na shiga ɗaki na zazzage hotunan, tsuntsu, tsuntsu, tsuntsu, na zaɓo wanda dunƙulen ya fi girma a ciki na sa masa a hannu. Ya kai shi dab da fuska ya daɗe.

"Ita ce," ya ce. "Haka take karkata kai in tana tsince kalwa."

Daga ranar hoton ya koma aljihun gaban rigarsa, cikin leda. In ya idar da sallah, ya yi mata addu'a, sai ya ciro ya zuba masa ido yadda bai taɓa samun yi ba tana da rai. Ya taɓa ce mini shi bai san fuskar uwarsa sosai ba, gefen fuskarta ya sani. Na ja kunnen matata da yara kada wanda ya kuskura ya yi magana. Gida guda muka haɗu muna yi wa tsoho ƙarya, kuma ni ne limamin.

Ana nan sai aka samu damar aikin ido a Kaduna. Likita ya ce ɗaya bayan ɗaya ake yi, za a fara da na dama. Kowa na murna, ban da ni. Na yi tunanin in sace hoton in ce ya ɓata a mota. Na yi tunanin in durƙusa in faɗa masa. Ban yi ko ɗaya ba, tsoro ya hana ni.

Da aka cire masa bandeji muka dawo gida, ya kalli jikokinsa ɗaya-ɗaya, ya yi hamdala. Bayan sallah ya zauna a zaure, ya sa hannu a aljihu. Ina tsaye daga ƙofa. Ya duba hoton, ya nisanta shi, ya kusanto. Ga maƙwaƙƙwafi nan tar, har ƙurar itacen da ke bakinsa ana gani.

"Tsuntsun nan ya fito da kyau," ya ce, bai ɗago ba.

Na fara cewa Baba ka yi haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Sai na ga ya ɗora tafin hannun a kan idon da aka gyara, ya rufe shi, ya ci gaba da kallon hoton da mai yanar.

Yanzu kowane yaro da waya a hannu, ita ke nemo fuska da kanta ta fito da ita, ba ruwanta da abin da ranka ya fi so. Na sha ɗaukar Baba da tawa, ya gaji har yana korata. Bai taɓa yi mini faɗa a kan hoton nan ba, da ma ya yi, da na samu sauƙi. Lokacin aikin ido na hagu ya zo ya wuce. Likita ya ce in aka daɗe yanar za ta yi tauri, aikin ya yi wuya. Na roƙe shi, Gwaggo ta roƙe shi, na turo masa aminansa na masallaci. Amsarsa ɗaya ce, kuma ba ya ɗaga murya in zai faɗe ta.

"Na dama ya ishe ni ganin hanya. Wannan ku bar mini shi."